Ba ruwa kaɗai ke ratsa lagireto ba

Mutane da yawa sun ɗauka injin kaɗai lagireto ke sanyayawa. A yawancin motoci masu giyar otomatik, siraran bututu biyu da ke shiga jikinsa man giya suke ɗauka. Man yana bi ta wata ƴar ma'ajiya a cikin tankin lagireton, ya sauke zafinsa ba tare da ya haɗu da ruwa ba, sannan ya koma.

Shi ya sa in za a canza lagireto, dole a nemi mai mahaɗin bututun nan. Toshe su ko haɗa su da juna ganganci ne, domin man zai ƙone, giya ta fara zamewa, gyaranta kuwa ya ninka kuɗin lagireto. Bayan an ɗaura, a duba yoyo, a cika man da ya zube.