Jamus Ba Ta Taɓa Mamaye Landan Ba

Wasu masu karatu, idan suka ci karo da labarin da sojojin Nazi ke sintiri a titunan Landan, ɗan sanda yana binciken kisan kai a ƙarƙashin ikon Jamusawa, 'yan leƙen asiri suna kai-komo, sai su ɗauka wani ɓoyayyen tarihi ne, ko kuma marubucin ya sharara ƙarya ne. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ƙagaggen labari ne da ake ginawa kan tambayar "da a ce".

Hitler ya shirya afka wa Ingila ta teku a 1940. Da sojojin samansa suka kasa murƙushe na Birtaniya, sai ya ɗage shirin a watan Satumba, kuma bai taɓa tabbata ba. Daidai nan marubucin yake sauya hanya, ya ƙaga cewa mamayar ta tabbata.

Sai dai ba shaci-faɗi ba ne zalla. Hukumar SS, rundunar tsaro ta jam'iyyar Nazi, ta riga ta tsara sunayen mutum sama da 2,800 da za a kama da zarar an shiga, har da Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin. Tsibiran Jersey da Guernsey kuwa, waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Birtaniya, sun zauna a hannun Jamus daga 1940 zuwa Mayun 1945, 'yan sandan tsibiran suna aiki a ƙarƙashin mamaya. Ni a ganina, shi ya sa ɗan sanda ya fi dacewa da jan irin wannan labari. Gawa ɗaya yake bincike alhali iyayen gidansa suna kashe dubbai, kuma duk shaidar da ya miƙa tana iya jefa wani ɗan gwagwarmaya a hannun Gestapo, 'yan sandan ciki na Nazi.