Kafin ka ce "Allah ya ƙara", wa ya yanke hukuncin?

'Yan uwana matasa, akwai wani hali da muka ɗauka da yake damuna. Da zarar an ce jirgi marar matuƙi ya kashe wanda ake zargi da ta'addanci a Yemen ko Somaliya ko Pakistan, sai ka ji ana cewa madalla, an rage mugun iri, babu mai tsayawa ya tambaya wa ya yanke hukuncin kuma da wace shaida. Ni ba kare ɗan ta'adda nake ba, Allah ya tsare, wanda ya dasa bam ya kashe bayin Allah ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma dan Allah ku lura da kalmar nan, zargi. Zargi fa ba hukunci ba ne.

Ku duba abin da ya faru a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021. Sojojin Amurka sun bi wata mota na tsawon awoyi ta sama, suka ce ta 'yan IS ce ɗauke da bam, suka harba mata makami, ashe ma'aikacin ƙungiyar agaji ne ya dawo gida, abin da aka gani yana lodawa kuma jarkokin ruwa ne. Mutum 10 suka mutu, 7 daga ciki yara. Da farko har cewa aka yi harin daidai yake, sai da 'yan jarida suka tono maganar sannan aka fito aka ce kuskure ne, kuma babu wanda aka hukunta. Da a gaban alƙali ne, jarkar ruwa kaɗai ta isa ta wanke shi, amma gawa ba ta ɗaukaka ƙara.

Haka Anwar al-Awlaki, malamin da ake zargi da zama jigo a ƙungiyar al-Qaeda, ɗan ƙasar Amurka ne, jirgin Amurka marar matuƙi ya kashe shi a Yemen a Satumban 2011 ba tare da an taɓa gurfanar da shi a kotun ƙasarsa ba, bayan sati biyu wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16.

Masu yin wannan suna da hujjarsu, kar mu ce babu. Suna cewa yaƙi ake, suna kafa hujja da dokar ba da izinin amfani da ƙarfin soja da majalisar Amurka ta yi bayan harin 11 ga Satumba 2001, da sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya halatta kare kai, kuma wani lokacin kamun ba ya yiwuwa. To amma kare kai sai in hari ya zo ko yana gab da zuwa, kuma wanda ya yi zargin shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, shaidar kuma sirri ce. Mu da muka taso muna jin cewa mai da'awa shi ke kawo shaida, ya za a yi mu tafa wa wannan?

Abin da ya fi ban haushi, da yawanmu ba ƙa'ida muke bi ba, duba muke wace ƙasa ce ta harba, in wadda muke so ce jarumta, in wadda muka tsana ce zalunci. Manyan 'yan Nazi ma da suka hallaka miliyoyi, kotu aka kai su a Nuremberg a 1945, aka ba su lauyoyi, har uku daga cikinsu aka sallama.