Girman birni ba ya cika filin hoki

Na gaji da jin cewa gasar ƙarshen kaka ta hokin ƙanƙara tsakanin jami'o'in Amurka sai a babban birni take armashi, tunda can ake da manyan filaye da otal-otal. Maganar da ƙamshin gaskiya. Sai dai masu cika kujerun ɗalibai ne da magoya bayan garin jami'ar, kuma ba kowa zai kashe kuɗin doguwar tafiya ba alhali ana iya fitar da ƙungiyarsa a wasan farko.

Rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin rukunan wasannin jami'o'in Amurka, ya gwada yin gasarsa a biranen Saint Paul da Detroit daga 2014 zuwa 2017, 'yan kallo suka yi ƙaranci. Daga 2018 aka mayar da wasannin filayen jami'o'i, ƙungiyar da ta fi matsayi a teburi ita ke karɓar baƙunci.