Wai injiniya guda yana wasan yara

To masu dariya, kun gama? Tun jiya kuke yawo da hoton bawan Allahn nan, injiniyan jiragen sama, don kawai ya ce da dare yakan buɗe Kerbal Space Program, wasan kwamfuta na ƙera roka da harba ta sararin samaniya. Wai mutum da gemunsa da digirinsa ya zauna wasan yara. Har da mai cewa gara da awaki aka saya da kuɗin karatunsa. Sannunku da aiki, manyan masanan Sakkwato.

Wanga abu ba wasan yara ba ne. Duk mai gardama a ba shi kwamfuta, a ce ya kai roka ɗaya tal ta kewaya duniyar wasan, wadda ake kira Kerbin. Iskarta tana ƙarewa a kilomita 70, kuma ana bukatar canjin gudu na kusan mita 3,400 a daƙiƙa kafin kumbo ya zauna a falaki. Sabon shiga yakan miƙe sama tsaye, mai ya ƙare, ya faɗo inda ya tashi yana mamaki. Ai hawa sama ba shi ne matsalar ba, gudun gefe ne, wajen mita 2,300 a daƙiƙa. Shi ya sa da an tashi ake fara karkata gabas a hankali, a kilomita 10 roka ta kwanta kusan digiri 45, in ƙololuwar hanyarta ta kai kilomita 80 a kashe inji, a jira, sai an kusa ƙololuwar a sake kunnawa. Wane yaro ne ya zo duniya da wannan a kansa?

Kuma kafin nan ma sai rokar ta yarda ta tashi. In ƙarfin tura inji bai fi nauyinta ba, tana nan zaune tana ƙona mai. In nauyi ya taru a gindi kuma babu fikafikai a ƙasa, tana shiga iska da gudu za ta wuntsila. In ka haɗa lemar sauka da inji a mataki ɗaya na kunnawa, lema ta buɗe tun kana ƙasa. Ka ce bari ka ƙara tanki? Man da ka ƙara shi ma nauyi ne da sai an ƙona wani man a ɗaga shi, kamar raƙumin da kayan bayansa duk harawarsa ce. Lissafin da masanin Rasha Tsiolkovsky ya fitar a 1903 ke nan, kuma dalilin da ya sa ake yar da tankin da ya ƙare a hanya.

Sai babbar jarrabawa, haɗuwa da wani kumbon a falaki. Yana gabanka, hankali ya ce ka ƙara wuta ka cim masa. Kana ƙarawa sai hanyarka ta hau sama, zagayenka ya yi tsawo, ya ƙara ba ka rata. Dole ka rage gudu, ka sauko ƙasa da shi, sannan ka kamo shi. A 1965 matuƙin kumbon Amurka Gemini 4 ya nufi ragowar rokarsa kai tsaye, ya ƙona mai a banza tana ƙara nisa. Sai a Disambar shekarar Gemini 6 da 7 suka iya. Abin da ya ɗaure wa ƙwararrun Amurka kai ke nan kuke kira wasan yara.

Na ga masu cewa ai duniyar wasan ƙarama ce, ba gaskiya ba ce. Mun ji. Faɗinta daga tsakiya kilomita 600 ne, tamu ta haura 6,300. Wanda abin ya dama ya ɗora Real Solar System da Realism Overhaul, ƙarin manhajojin da ke mai da wasan kamar duniyarmu ta gaske, waɗanda ƴan wasan da kansu suka rubuta suka raba kyauta, ya nemo canjin gudun mita 9,400 a daƙiƙa da ake bukata don kewaya tamu duniyar mu gani. Ko ya sauke Orbiter, wani wasan tuƙa kumbo, shi ma kyauta ne. Masu cewa ɓata lokaci ne kuwa, ku fara lissafa awannin da kuke kashewa a gardamar Arsenal. NASA da kanta ta haɗa hannu da masu wasan a 2014.

Tsakani da Allah abin yana da ciwo. An kafa NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, a 1999, amma tauraronmu na ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha aka harba shi a 2003, NigComSat-1R daga Sin a 2011. Ɗalibin lissafi ko fiziks a jami'ar Ɗanfodiyo zai haddace dokokin Kepler na zagayen duniyoyi ya ci jarrabawa, bai taɓa ganin hanyar kumbo tana lanƙwasa a gabansa ba. Ga wanda ya san aikin ya nuna masa hanya mai arha, mun bi shi da ehoho.

Af, masu tambayar kwamfuta a inbos: ku nemi Kerbal na farko, na biyun da ya fito a 2023 ba a kammala shi ba. Kada rokarku ta yi ɗaruruwan sassa, nan take wasan ke fara tsinkewa. Da zafin Afrilun garin nan kada ku ɗora laftof kan katifa, ku ɗaga bayanta iska ta shiga, ku kuma kai a hure ƙurar hunturu daga fanka. Marar kwamfuta ya sauke Spaceflight Simulator a waya, ya lallaɓa da shi kafin Allah ya hore.