Kurtu da shan wuta, kanar da kwasar fadama

A watan Fabrairun 1754, gwamnan Birjiniya (yankin Amurka da a lokacin ke ƙarƙashin mulkin Ingila) Robert Dinwiddie ya rasa samarin da za su tafi yamma su tare Faransawa a bakin kogin Ohayo. Albashin bai taka kara ya karya ba, daji kuma ba wasa. Sai ya yi shela cewa an ware eka 200,000 a can yankin, za a raba wa duk wanda ya shiga soja. Cikin waɗanda suka ja rundunar har da wani matashin hafsa ɗan shekara 22, Joj Washinton, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko.

An tafi, an sha kashi a sansanin Necessity a watan Yulin shekarar, an yi ta gwabzawa har aka kori Faransa. Gona fa? Shiru. A 1763 ma Sarkin Ingila ya hana Turawa tsallake duwatsun Appalachia su zauna, don kada a tsokano faɗa da ƙabilun da ke wurin tun kaka da kakanni. Wato dai gwamna ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba.

Sai a ba Washinton haƙƙinsa, domin ba don nacinsa ba da maganar ta bi ruwa. Shi ya kai koke a 1769, shi ya shiga kwalekwale a 1770 ya gangara Ohayo har kogin Kanawha (sunan kawai ya zo ɗaya, ba ruwansa da mutanen Dabo) don ya ga ƙasar da idonsa. Amma kada a manta safiyo ne tun yana saurayi, ya san fadama ya san fako, kuma mai awon da aka ɗauka, William Crawford, mutuminsa ne. Da aka zo rabo a 1772, bayan shekara 18, manyan hafsoshi aka yanka wa eka 15,000 kowanne, kurtu kuwa eka 400. Ga kuma waɗanda suka gaji da jira suka sayar wa Washinton rabonsu, har abin da ya tara ya haura eka 20,000, yawancinsa a bakin ruwa. Ya taɓa rubuta wa ƙanensa Charles cewa ya sayo masa takardun wasu hafsoshi ba tare da an san shi ne mai saye ba.

Wasu za su ce ai bai saci na kowa ba, ciniki aka yi da yardar juna. Haka ne. Sai dai wace irin yarda ce ga wanda ya bar ƙafa a fagen daga, ga iyali, ga bashi, aka miƙa masa takardar gonar da sai ya yi tafiyar makonni kafin ya taka ta? Ba shi da kuɗin awo, ba shi da shanun huɗa. Takardar nan a hannunsa ba ta sayen hatsi sai ya karyar da ita.

Abin bai tsaya kan mutum ɗaya ba, shi ya sa nake ganin laifin na tsarin ne. A watan Satumban 1776, lokacin yaƙin neman 'yanci, majalisar Amurkawa ta sake irin wannan alkawari: eka 100 ga soja, eka 500 ga kanar. Ba a keɓe filin a Ohayo ba sai 1796, bayan an murƙushe ƙabilun yankin an sa su hannu a yarjejeniyar Greenville. Kuma dokar ta ce a dunƙule za a bayar, eka 4,000 a lokaci guda. Mai eka 100 sai dai ya nemo 'yan'uwansa 39 su haɗa takardu, ko ya kai wa dillali. Ba sai an faɗi wanda ya fi yawa ba.

Dalilin da gwamnatoci ke son biyan soja da ƙasa a fili yake. Ba ta fita daga baitulmali yau, ana iya jan ƙafa shekara da shekaru, in an tashi bayarwa kuma a kan wasu marasa galihu nauyin ke sauka. A Kenya ma, bayan yaƙin duniya na farko, a 1919 aka yanka wa tsofaffin sojojin Ingila gonaki, har da ƙasar 'yan ƙabilar Nandi, baƙaƙen da suka yi yaƙin da dakon kayansa kuwa ba su shiga rabon ba.

Don haka duk lokacin da na ji wani gwamna a nan gida ya tsaya gaban 'yan mazan jiya ko matan da mazajensu suka kwanta dama a Sambisa yana cewa za a ba su fuloti, tambayoyina ba su da yawa. A ina filin yake, gonar wa aka karɓe, kuma wa zai biya kuɗin awo da na takardar mallaka? Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, wanda ya bayar yau magajinsa na iya sokewa gobe. In da gaske ake, a fara sakin giratuti da fansho a kan kari, fili ya zo a matsayin ƙari da takardarsa a hannu. Tsofaffin sojojin da aka sha gani sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, kuɗinsu suka je nema.