Yaron da ke maimaita maganarka ba raina ka yake yi ba

Ka tambayi yaro, "Kana son ruwa?" sai ya mayar maka da "Kana son ruwa?" da irin karin muryarka sak. Likitoci na kiran wannan ikolaliya, wato maimaita kalaman wasu, ko dai nan take, ko bayan kwanaki har watanni, kamar yaron da ke rera tallar talabijin tun daga farko har ƙarshe.

Kafin hankalin iyaye ya tashi: kusan kowane yaro yana bi ta nan lokacin koyon magana, kuma yawanci abin kan lafa wajen shekara 3. Manya ma kan yi shi bayan shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa. Maimaici kaɗai ba shi ne galahanga ba, wato autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke sadarwa da mu'amala da mutane. Amma idan ya zarce wannan shekarun, ga rashin haɗa ido, ga ƙin waiwayowa in an kira sunansa, to a kai shi wurin likitan yara a duba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tsawar nan ta "daina kwaikwayona!" A ganina kuskure ne babba. Tun 1943 likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, da ya bayyana yara 11 masu galahanga, ya kawo labarin wani da ke yawan cewa kada a jefo kare daga bene. Kai ka ce shirme ne. Ashe ya taɓa jefo karen wasa, mahaifiyarsa ta kwaɓe shi da wannan jimla, shi kuma ya riƙe ta yana faɗa wa kansa. A 1981 masu bincike Barry Prizant da Judith Duchan suka nuna cewa irin wannan maimaici na da aiki: wani roƙo ne, wani amsar "e" ce, wani kuwa yaron na lallashin kansa ne. Da yawan irin waɗannan yara jimla guda suke haɗiyewa ɗungurungum, sai daga baya su koyi rarraba ta. Shi ya sa yaro zai ce "kana so" alhali "ina so" yake nufi.

To in ka tsawata masa, ƙofar da yake fitowa ta ita ka rufe. Gara ka lura da lokacin da yake faɗin jimlar da inda ya fara jin ta. Ka rage jero masa tambayoyi, ka ba shi kalaman da zai ara kai tsaye: ka miƙa masa kofi kana cewa "Ina son ruwa." Masu gyaran magana ma ta nan sukan fara.