Mai raka Mma asibiti, ka san kai ne bakinta?

'Yan'uwana matasan Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, maganata da ku ce, ku da kuke raka iyaye ganin likita. Ko asibitin Manhyia ne ko na Komfo Anokye, wanda tsofaffinmu har gobe Gee suke ce masa, aiki da Turanci da Tonanci ake yinsa. Mma Hausa ta iya. Da zarar kun zauna gaban likita ka zama tafinta, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yanke magana. Mma za ta yi bayani mai tsawo: jiri da asuba, kumburin ƙafa, fitsarin dare har sau huɗu, ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa. Kai kuma ka dubi likita ka ce wai jikinta ne ba daɗi. Haba! Wanda ka zubar ɗin shi likita yake nema, domin yawan fitsari da ƙishirwa su ne ke sa a gwada suga. Faɗi duka yadda ta faɗa, har jiƙon da take sha a gida. Wasu magungunan gargajiya ba sa jituwa da na asibiti, wasu kuma suna wahalar da ƙoda, kuma likita bai san gaibu ba. Idan ka ɓoye don tsoron faɗa, ita za ta kwana da ciwon.

Sai kunya. Akwai abin da uwa ba za ta taɓa furtawa gaban ɗanta namiji ba, kamar jini bayan al'ada ta ɗauke ko ƙullutu a nono, alhali waɗannan ba sa jira. Ka tura yayarka, ko ka roƙi a nemo nas mai jin Hausa, yaran Zango sun yi yawa a aikin yanzu, kai ka jira a waje. Kundin haƙƙin majiyyaci da Hukumar Lafiya ta Gana ta fitar a 2002 ya ba ta haƙƙin sirri da na cikakken bayani kan ciwonta. Tambaya ba rashin ladabi ba ce, kuma katin inshorar lafiya na NHIS ba sadaka ba ne da zai sa mu sunkuyar da kai.

Kafin ku bar wurin karɓar magani, Mma ta maimaita da bakinta abin da aka ce. "To" ɗinta girmamawa ce kawai. Idan an ce kowane awa 8, ɗaura mata shi a kan salla: asuba, azahar, sai wajen ƙarfe 9 bayan isha'i. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don ciwon kai ya daina. Mai ciwon suga kuwa, tun watan Sha'aban za ku tambayi likita yadda za a yi da magani a azumi, kada a bari sai an ga wata.